Christoph Willibald Gluck (1714–1787): Makaɗin da Ya Sa Kiɗa Ya Bi Magana

Gabatarwa

Christoph Willibald Gluck, wanda ake furta sunansa Guluk, yana cikin manyan masu tsara kiɗa na ƙasashen Turai a ƙarni na 18. Sana'arsa opera ce, wato wasan kwaikwayon da ake rera maganganunsa, ƙungiyar makaɗa tana raka muryoyi. Ya tsara irin waɗannan wasanni fiye da 40 cikin Italiyanci da Faransanci, ya kuma mayar da ɗaya daga cikinsu zuwa Jamusanci. Tarihinsa ya shafi mai nazarin harshe saboda tambayar da ya ɗauki rabin rayuwarsa yana neman amsarta: idan magana da kiɗa suka haɗu a bakin mawaƙi, wanne ya kamata ya bi wani? Neman wannan amsa ne ya kai shi tsakiyar wata muhawara da ta daɗe tana raba kan masanan Faransa, ko akwai harshen da bai dace da waƙa ba.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Gluck ranar 2 ga watan Yuli 1714 a Erasbach, wani ƙauye da ke cikin jihar Bavariya ta ƙasar Jamus ta yau. Mahaifinsa, Alexander Gluck, mai kula da gandun daji ne. A 1717 iyalin suka ƙaura zuwa Bohemiya, wadda yanzu take cikin ƙasar Cek, inda mahaifin ya yi wa manyan gidajen sarauta aiki, daga ƙarshe ya zama shugaban masu kula da dazuzzukan gidan Lobkowitz. Bohemiya ƙasa ce mai harshe biyu, Jamusanci da harshen Cek, kuma a makarantunta ana koya wa yara waƙa da kiɗa domin hidimar coci. A nan yaron ya fara sanin goge da sauran kayan kiɗa.

Mahaifin ya so ɗansa ya gaje shi a aikin daji, ɗan kuma zuciyarsa tana ga kiɗa. Tun yana saurayi ya bar gida ya nufi birnin Prag, inda ya riƙa neman abin kansa da waƙa da kiɗa. A 1737 ya isa Milan a arewacin Italiya, birnin da Giovanni Battista Sammartini yake jagorancin harkar kiɗa. Zaman Milan ne ya ba shi Italiyanci, harshen da duk mai son suna a wannan sana'a dole ya iya.

Wannan yawo ya bar alama a bakinsa. Antonio Salieri, wanda ya zauna kusa da shi a shekarunsa na tsufa, ya ba da labarin cewa harshen Cek ne na farko a wurinsa, Jamusanci yana yi masa nauyi, Italiyanci da Faransanci sun fi yi masa nauyi, kuma yakan gauraya harsuna cikin zance ɗaya. Masana da yawa na ganin Jamusanci ne harshen gidansu. Ko ma wanne ne, duk operar da ya ƙirƙira ya tsara ta ne a kan harshen da ya koya da girmansa.

Operar da ya tarar

A lokacin da Gluck ya shigo sana'a, opera mai ɗaukaka ita ce wadda Italiyawa ke kira opera seria, wato opera ta manyan al'amura, wadda ake ɗauko labaranta daga tarihin Girkawa da Rumawa. Ban da Faransa, kusan kowace babbar fada a Turai da Italiyanci take jin opera, ko da jama'ar garin ba sa jin harshen. Sarkin marubutan baitocinta shi ne Pietro Metastasio, mutumin Roma, wanda ya zama mawaƙin fadar Viyana a 1730. Makaɗa da dama sukan ɗauki littafinsa ɗaya, kowa ya sa masa nasa kiɗan.

Tsarin wasan kashi biyu ne masu bin juna. Akwai resitatif, wato zancen da ake rerawa da sauri kusa da yadda ake magana, kayan kiɗa ɗaya ko biyu suna raka shi. A nan labari ke tafiya. Sannan akwai ariya, waƙar mutum ɗaya, inda labari ke tsayawa cik. Ariya tana da ɓangare na farko da na biyu, sai a koma na farko a maimaita shi, mawaƙi yana ƙara masa ado gwargwadon gwanintarsa. Idan ya gama sai ya fice daga dandali ana tafa masa. Taurarin wannan fage su ne mazan da aka fiɗiye tun suna yara don kada muryarsu ta buɗe, irin su Farinelli, waɗanda ake biya kuɗi masu yawa.

Kalma ce ta fi shan wahala a wannan tsari. Mawaƙi yakan kama wasali ɗaya, galibi a ko o, ya ja shi a kan sautuka da dama har sai numfashinsa ya kusa ƙarewa, kafin ya furta sauran gaɓoɓin kalmar. Baiti huɗu kan cinye mintoci da yawa saboda maimaici. Ƴan kallo kuwa sukan yi hira ko caca lokacin resitatif, su saurara idan gwaninsu ya fara ariya. Tun a 1720 Benedetto Marcello ya rubuta littafin shaguɓe kan waɗannan halaye, a 1755 kuma Francesco Algarotti ya fitar da maƙala yana neman a gyara.

Shekarun yawo

Gluck ya fara ne a matsayin ɗan wannan gida. Operarsa ta farko, Artaserse, a kan baitocin Metastasio, an nuna ta a Milan ranar 26 ga Disamba 1741, kuma ta karɓu. A 1745 aka gayyace shi Landan, inda ya gabatar da wasanni biyu a 1746. A can ya yi wani taron kiɗa da kofunan gilashi da aka zuba wa ruwa don daidaita sautinsu. A can ne kuma ya ji ayyukan Handel, wanda ya ci gaba da girmamawa har ƙarshen rayuwarsa. Daga Landan ya bi ƙungiyar Pietro Mingotti mai yawon nuna opera zuwa Dresden da Hamburg da Kopenhagen.

A 1750 ya auri Maria Anna Bergin, ɗiyar wani attajirin Viyana. Wannan aure ya ba shi rufin asirin da ya sa bai ƙara dogara ga kowane aikin da aka miƙa masa ba. A 1752 ya nuna La clemenza di Tito a Napoli, a 1756 kuma Fafaroma ya ba shi lambar girma a Roma.

Bayan ya zauna a Viyana, shugaban gidajen wasan fada, Giacomo Durazzo, ya sa shi aikin tsara ƙananan wasannin barkwanci cikin Faransanci daga 1758. Ɗaya daga cikinsu, Le cadi dupé na 1761, labarin wani alƙali ne da aka yi wa wayo, kuma kalmar cadi da kalmar alƙali ta Hausa tushensu ɗaya ne a Larabci. Waƙoƙin waɗannan wasanni gajeru ne, galibi kowace gaɓa da sautinta guda. A nan Gluck ya fara sabawa da nauyin gaɓoɓin Faransanci, shekaru da dama kafin ya kai aikinsa Paris.

Gyaran Viyana

A 1761 wani marubuci ɗan Italiya, Ranieri de' Calzabigi, ya iso Viyana daga Paris, inda ya ga yadda Faransawa ke ba baiti da ƴan amshi da rawa muhimmanci a operarsu. Shi da Gluck da mai tsara rawa Gasparo Angiolini suka haɗa kai, Durazzo yana mara musu baya. Ranar 5 ga Oktoba 1762 suka nuna Orfeo ed Euridice a gidan wasan Burgtheater. Labarin tatsuniyar Girkawa ce ta mawaƙin da matarsa ta mutu, ya bi ta ƙasar matattu don ya dawo da ita, bisa sharaɗin kada ya waiwaya ya dube ta a hanya. Da wannan labari ne aka yi wasu daga cikin operorin farko a Italiya wajen 1600.

A maimakon mutum shida da labarai masu sarƙaƙiya, taurari uku kawai aka sa. An bar tsohon resitatif, ƙungiyar makaɗa ta riƙa raka zance daga farko har ƙarshe, don haka iyakar da ke tsakanin zance da waƙa ta ragu. An rage maimaici da jan wasali. Ƴan amshi sun shiga cikin labari sosai: a ƙofar ƙasar matattu, Orfeo yana roƙo, aljanun wurin suna katse shi da kalma ɗaya ta ƙi, har sannu a hankali muryarsa ta sanyaya musu zuciya. Gaetano Guadagni, wanda ya fito a matsayin Orfeo, ya yarda ya rera abin da aka rubuta ba tare da cika shi da ado ba.

Daga baya Calzabigi ya ce shi ne ya riƙa karanta wa Gluck baitocin da babbar murya, yana nuna masa inda murya ke hawa da inda take sauka, da inda ake dakatawa. Gluck da kansa ya rubuta a 1773 cewa mafi yawan yabon sabon salon na Calzabigi ne. Duk yadda aka raba yabon, abin lura shi ne kiɗan ya taso ne daga rausayar murya ta mai karanta baiti.

Aikinsu na biyu, Alceste, an nuna shi ranar 26 ga Disamba 1767. Da aka buga shi a 1769, sai aka sa masa gabatarwa da sunan Gluck, wadda ta bayyana manufar gyaran. Taƙaitaccen abin da ta ƙunsa shi ne aikin kiɗa ya zama hidima ga baiti da labari, kada a tsayar da ɗan wasa yana tsakiyar zance mai zafi don makaɗa su yi nasu, kada a riƙe shi a tsakiyar kalma saboda an sami wasali mai daɗin ja, kuma kiɗan buɗe fage ya shirya zukatan ƴan kallo ga abin da za su gani. Akwai wasu da suka nemi irin wannan gyara, kamar Niccolò Jommelli a Stuttgart da Tommaso Traetta a Parma. Shi ma Gluck bai yi watsi da tsohon salo gaba ɗaya ba, don a 1763 ya sake tsara opera a kan baitocin Metastasio a Bolonya. Aikinsa na uku da Calzabigi, Paride ed Elena na 1770, bai sami karɓuwa sosai ba, sai hankalinsa ya koma Paris.

Muhawarar Paris kan harshe

Faransa tana da nata salon opera tun zamanin Jean-Baptiste Lully, wanda ya kafa shi a 1673, Jean-Philippe Rameau kuma ya ci gaba da shi. A 1752 wata ƙungiyar Italiyawa ta nuna La serva padrona ta Pergolesi a Paris, nan take masana suka rabu gida biyu, masu goyon kiɗan Italiya da masu kare na gida. A 1753 Jean-Jacques Rousseau ya fitar da wasiƙarsa kan kiɗan Faransa. Ra'ayinsa shi ne karin waƙar kowace al'umma daga harshenta yake fitowa. A ganinsa Italiyanci yana da wasula buɗaɗɗu da nauyin gaɓa bayyananne, Faransanci kuwa ya cika da wasulan hanci, da wasalin e wanda ba ya fita sosai, da cunkoson baƙaƙe, kuma nauyin gaɓarsa ba ya bayyana. Daga nan ya yanke hukuncin cewa Faransawa ba su da kiɗa, ba kuma za su samu ba. Wannan ya fito ne daga bakin mutumin da shekara ɗaya kafin nan ya tsara Le Devin du village cikin Faransanci, wasan da ya yi farin jini har a fada.

Wani ma'aikacin ofishin jakadancin Faransa a Viyana, Du Roullet, ya ɗauko wasan Racine na Iphigénie ya mayar da shi baitocin opera don Gluck. A 1772 da 1773 aka buga wasiƙunsu a mujallar Mercure de France, inda aka nuna cewa baƙon makaɗin yana ganin Faransanci ya isa ɗaukar babban kiɗa. Marie-Antoinette, wadda Gluck ya koya wa waƙa tana yarinya a Viyana, a lokacin matar yarima mai jiran gado ce, ita ta tsaya masa. Bayan watanni na gwaji mai tsanani, inda ya tilasta wa ƴan amshi su motsa su yi wasa maimakon tsayuwa a jere, aka nuna Iphigénie en Aulide ranar 19 ga Afrilu 1774. Yana da shekara 59.

Siffofin da Rousseau ya lissafa akwai su a Faransanci. Nauyi a wannan harshe ba ya bambanta kalma da kalma, yana faɗawa ne a gaɓar ƙarshe ta rukunin kalmomi. Gluck ya ɗauki wannan a matsayin ƙa'idar aiki. Ya sa jimlar kiɗa ta bi tsawon baiti da wuraren dakatawarsa, ya bar yawancin gaɓoɓi da sauti ɗaya ɗaya, ya gajarta waƙoƙi, ya bar wa makaɗa su faɗi abin da baki bai faɗa ba. Da ya mayar da Orfeo zuwa Faransanci a watan Agusta 1774, sai ya sake tsara resitatif ɗin don ya dace da sababbin baitocin Pierre-Louis Moline, ya kuma ba wa Joseph Legros, mai siririyar murya ta ɗa namiji, matsayin Orphée, tun da operar Paris ba ta aiki da fiɗiyayyun mawaƙa. Waɗanda suka zauna da Rousseau sun ruwaito cewa ya halarci wasannin, ya kuma amince cewa Gluck ya ƙaryata hukuncinsa.

Muhawara ba ta mutu ba. Masu goyon Italiya suka kawo Niccolò Piccinni daga Napoli a ƙarshen 1776, Paris ta sake rabuwa gida biyu, ana ta musayar ƙasidu, alhali makaɗan biyu suna ganin girman juna. A 1777 Gluck ya ɗauki baitocin Armide na Philippe Quinault, waɗanda Lully ya sa wa kiɗa a 1686, ya yi musu sabon kiɗa kusan ba tare da ya taɓa kalmomin ba. Ranar 18 ga Mayu 1779 aka nuna Iphigénie en Tauride, wadda da yawa ke ɗauka ita ce ƙololuwar aikinsa. A cikinta akwai wurin da Oreste, wanda ya kashe mahaifiyarsa, yake cewa natsuwa ta dawo masa, amma gogunan da ke raka shi suna ta bugawa ba hutu, mai sauraro ya gane cewa bakinsa ne kawai ya natsu.

Wannan opera tana da wani darasi da ya saɓa wa sauƙaƙan bayani kan Gluck. Babbar waƙar Iphigénie a cikinta, kiɗanta daga La clemenza di Tito ta 1752 aka ɗauko shi, inda ya raka wasu kalmomi dabam cikin Italiyanci. A wata wasiƙa ta 1778 Gluck ya faɗa wa marubucin baitocin, Nicolas-François Guillard, adadin gaɓoɓin da yake so a baiti, da wuraren da doguwar gaɓa mai amo za ta zauna. Ke nan a wannan karo magana ce aka yanka daidai da kiɗa. Abin da bai yarda da shi ba a kowane hali shi ne nauyin gaɓa da bugun kiɗa su yi hannun riga.

Ƙarshen rayuwarsa

Operarsa ta ƙarshe, Écho et Narcisse, ta faɗi a Paris a watan Satumba 1779. A wannan shekara ciwon shanyewar jiki ya fara kama shi, ya koma Viyana bai sake komawa Faransa ba. Shi da matarsa ba su haihu ba, ɗiyar ƴar'uwarsa da suka riƙa, Marianne, mai kyakkyawar murya, ta rasu da ciwon agana a 1776. A 1781 ya shirya Iphigénie en Tauride cikin Jamusanci, yana gyara karin muryoyi don su dace da kalmomin fassarar. Ya kuma sa wa wasu waƙoƙin Klopstock kiɗa. Ya rasu a Viyana ranar 15 ga Nuwamba 1787 yana da shekara 73. Bayan rasuwarsa aka ba Mozart muƙamin makaɗin fada da albashin gulden 800 a shekara, alhali Gluck gulden 2000 yake karɓa.

Ayyukansa sun ci gaba da tasiri. Richard Wagner ya sake shirya Iphigénie en Aulide a Dresden a 1847, Hector Berlioz kuma ya farfaɗo da Orphée a Paris a 1859 don mawaƙiya Pauline Viardot. Har yau ana nuna Orfeo cikin Italiyanci da Faransanci a manyan gidajen opera na duniya.

Kammalawa

Rousseau ya lura da siffofin sautin Faransanci da kyau, amma ya auna su da ma'aunin Italiyanci, duk abin da ya bambanta sai ya kira shi naƙasa. Gluck ya ɗauki siffofin nan yadda suke, ya gina kiɗansa a kansu. Wannan bambanci sananne ne ga ɗalibin kimiyyar harshe, don shi ne bambancin da ke tsakanin bayyana harshe da yanke masa hukunci. Harsunan Afirka ma an sha yanke musu irin hukuncin da aka yanke wa Faransanci a 1753, a ce ba su dace da rubutu ko ilimi mai zurfi ba. Haka kuma tambayar da Gluck ya yi fama da ita tana jiran masu nazarin waƙa a harsunan da tsawon wasali da karin sauti ke bambanta ma'ana, kamar Hausa, inda gari na zama da gari na tuwo suka bambanta da tsawon wasali ɗaya. Yadda mawaƙi ke daidaita karin waƙarsa da karin kalmominsa fage ne na bincike da ya haɗa masanin harshe da masanin kiɗa.